Famfo da tankin ruwan tukunyar tururi: yaya ake auna girmansu?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa injiniyoyi da masu kula da tukunyar tururi. Masana'antar da nake yi wa aiki za ta girka sabuwar tukunya mai ƙona gas, irin wadda wuta ke bi ta cikin bututu, ruwa kuma yana kewaye da su. A allon jikinta an rubuta cewa tana ba da kilo 5,000 na tururi a awa ɗaya. Za ta yi aiki a matsin bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), an kuma saita bawul ɗin kariya ya buɗe a bar 11. Wanda zai kawo mana kayan ya ba da shawarar famfo ɗaya mai tura lita 5,000 a awa a matsin bar 11, tare da buɗaɗɗen tanki mai cin lita 1,000 da za a ajiye a ƙasa kusa da famfon. Hujjarsa ita ce, abin da ya fita a matsayin tururi shi ne abin da za a mayar a matsayin ruwa, ba ragi ba ƙari. Kusan rabin tururin da muke amfani da shi yana dawo mana ruwa mai zafi. Hankalina bai kwanta da wannan lissafi ba, shi ya sa nake neman ra'ayinku kafin a sa hannu a takarda.

Gwanin_Famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada a sa hannu tukuna. Ruwan da ke fita daga tukunya ba tururi kaɗai ba ne, domin akwai wanda ake zubarwa da gangan don rage gishirin da ke taruwa a ciki, kuma shi ma famfo ne zai mayar da gurbinsa. Mu ɗauka ruwan da kuke ba tukunyar yana ɗauke da miligiram 200 na narkakken gishiri a kowace lita, iyakar da aka yarje muku a cikin tukunyar kuma 3,000 ce. Za ka ninka 5,000 da 200, ka raba da bambancin da ke tsakanin 3,000 da 200, wato 2,800, sai ka sami kusan kilo 357 a awa. Jimilla ta zama kilo 5,357. Bayan haka, kilo da lita ba sa daidaita sai a ruwan sanyi. Ruwa mai zafin digiri 90 a ma'aunin Celsius nauyin litarsa ɗaya kusan giram 965 ne, saboda haka kilo 5,357 ya kai lita 5,550. Ka ga tun kafin a yi maganar rara, famfon da aka ba ku ya gaza da lita ɗari biyar da wani abu a kowace awa.

Rarar kuma ta danganta da yadda za a riƙa shigar da ruwan. Idan famfon zai riƙa tashi yana tsayawa ne gwargwadon yadda ruwa ya sauka ko ya hau a cikin tukunya, akan ba shi ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na yawan tururin, saboda dole ya biya bashin lokacin da ya yi a tsaye. Idan kuwa zai riƙa juyawa ba tsayawa, bawul yana daidaita yawan ruwan da ke shiga, to ƙarin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ya wadatar, wato wajen lita 7,000 a awa. Wanne daga ciki za ku yi?

Inj_Sadiya:
Na yarda da lissafin Gwanin_Famfo, amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matsin. Famfon da iyakar ƙarfinsa bar 11 ne ba zai iya cusa ruwa cikin tukunyar da ta kai bar 11 ba, kuma wannan shi ne lokacin da aka fi bukatar ruwan, domin bawul ɗin kariya yana buɗe, tururi yana fita, ruwa yana raguwa. Sashe na ɗaya na ƙa'idar tukunyar tururi ta ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, ya shardanta cewa abin da ke ba tukunya ruwa ya iya tura shi a matsin da ya ɗara saitin bawul ɗin kariya mafi girma da kashi 3 cikin ɗari. A naku, bar 11.33 ke nan, kuma a bakin tukunya ake nufi, ba a bakin famfo ba. A kan wannan sai a ɗora duk abin da ruwan zai yi asara a hanya: gogayya a cikin bututu da gwiwoyinsa, bawul mai hana ruwa komawa baya, na'urar ɗumama ruwa da zafin hayaƙi idan akwai ta, tazarar da ke tsakanin famfo da saman ruwan tukunya, sai kuma bawul mai daidaita ruwa, wanda shi kaɗai yakan ci bar 1 zuwa 2 idan ana son ya yi aikinsa da kyau. Da wuya jimillar ta tsaya ƙasa da bar 13 ko 14.

Wani abu kuma, masu ƙera famfo da mita suke rubuta ƙarfin turinsa, ba da bar ba. A ruwan sanyi bar 14 kusan mita 143 ne, amma a ruwa mai zafin digiri 105 yana kusantar mita 150, tunda ruwan ya yi sauƙi. Wanda ya duba jadawalin famfo da lissafin ruwan sanyi zai zaɓi wanda ya gaza masa ba tare da ya sani ba.

Dattijon_Boila:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tankin da za a ajiye a ƙasa shi ne matsalar. Na taɓa kama aiki a wata masana'anta inda aka yi irin wannan shiri. Da safe, ruwa na da ɗumi-ɗumi, famfo yana aiki lami lafiya. Da rana ta yi, ruwan zafi ya fara dawowa da yawa daga sassan aiki, sai ka ji famfon yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, allurar gejin matsi tana rawa, ruwan da ke cikin gilashin duba tsayin ruwan tukunya yana ta sauka alhali moto yana juyawa. Da aka kwance famfon, bakin farfelar farko, wato fankar da ke juya ruwa a cikinsa, duk ya ɓuɓɓule, sil ɗin da ke hana ruwa yoyo ya ƙone. Masu wurin sun sauya famfo, suka sayo wanda ya fi girma, abin ya ƙara muni. Bai daina ba sai da aka yi wa tankin ƙafafun ƙarfe aka ɗaga shi sama, aka kuma sauya bututun da ke sauko da ruwa da mai faɗi.

Ɗalibi_Kabiru:
Ranka ya daɗe Baba, ina neman ƙarin bayani. Me ya sa babban famfo ya ƙara ɓata lamarin? A tunanina wanda ya fi ƙarfi shi ya fi iya jan ruwa.

Gwanin_Famfo:
Kabiru, famfo ba ya jan ruwa da ƙarfin kansa. Abin da yake yi shi ne rage matsi a bakinsa, sai nauyin iskar da ke danne saman tankin da nauyin ruwan kansa su turo ruwa ciki. Idan matsin da ke bakin farfela ya faɗi ƙasa da wanda ruwan ke tafasa a zafin da yake da shi, nan take ruwan ya tafasa, kumfar tururi ta tashi, da ta isa inda matsi ya ƙaru sai ta fashe a jikin ƙarfe. Wannan fashewar ce Baba ya ji, ita ce kuma ke cin farfela. Abin da ake aunawa shi ne NPSH, wato rarar matsin da ruwa ke da ita a bakin famfo sama da matsin tafasarsa. Akwai wadda wurin ke bayarwa, akwai wadda famfo ke bukata, kuma ta biyun tana hawa ne gwargwadon yawan ruwan da ke wucewa. Babban famfo yana zuƙar ruwa da yawa, gogayya a bututu ta ƙaru, bukatarsa ma ta ƙaru.

Ga misali da lamba. A daidai gaɓar teku nauyin iska bar 1.013 ne. Ruwa mai digiri 90 yana tafasa idan matsi ya sauka zuwa bar 0.70, saboda haka rarar ita ce bar 0.31, kusan mita 3.3. Idan ruwan ya kai digiri 98, rarar ba ta cika mita ɗaya ba. Tankin da ke ƙasa ba ya ƙara komai a kan wannan, gogayyar bututu da rariyar tace datti kuma suna ragewa. A wurin da ya ɗara gaɓar teku da mita 1,000, nauyin iska yana sauka zuwa kusan bar 0.90, sai mita 3.3 ɗin nan ta koma wajen mita 2.

Sani_Walda:
To idan zafi ne ke kawo wannan wahala, me zai hana a bar tankin a digiri 50 ko 60, a huta da ɗaga shi sama? Na ga wuraren da suke yin haka kuma famfunansu ba sa kuka.

Mai_Gwajin_Ruwa:
Malam Sani, famfunansu ba sa kuka, amma ka leƙa cikin tukunyar bayan wasu shekaru. Ruwan sanyi yana riƙe iskar oksijin, ita kuwa tana huda ƙarfe ne a wurare ƙanana masu zurfi, ta yadda bututu zai yi yoyo alhali sauran jikinsa lafiya lau. A digiri 20 lita ɗaya tana ɗauke da kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 80 kusan 3, a digiri 90 ƙasa da 2. Abin da ya rage akan kashe shi da sinadarin sodiyam salfait, wanda a lissafi ake bukatar kusan kashi 8 nasa ga kowane kashi ɗaya na oksijin, a aikace ma fiye da haka. Duk salfait ɗin da aka zuba kuma yana ƙara gishirin da ke cikin tukunya, wanda ke ƙara yawan ruwan da za a zubar, wanda shi ma ke ƙara wa famfo aiki. Shi ya sa ake riƙe buɗaɗɗen tanki tsakanin digiri 80 zuwa 90. Ban da haka, ruwan sanyi da ke faɗawa cikin tukunya mai zafin sama da digiri 180 yana gajiyar da ƙarfen da ke kusa da mashigarsa.

Ni da za a bi shawarata, ga tukunya mai wannan girma da rabin ruwanta sabo ne, diyareta zan sa, wato rufaffen tankin da ke korar iska da tururi. Tana aiki a wajen digiri 105 da ɗan matsi kaɗan, tana kuma iya sauke oksijin zuwa miligiram 0.007 a lita.

Inj_Sadiya:
Diyareta tana da kyau, amma a gaya wa Abu_Hafsat abin da ke biye da ita. Ruwan da ke cikinta yana daidai bakin tafasa, saboda haka matsin da ke samansa da matsin tafasarsa sun soke juna, rarar da za ta rage wa famfo ita ce tsayin tankin kawai, a cire gogayya. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganinta a can sama, mita da dama daga ƙasa. Idan rufin ɗakin tukunyar bai da wannan tsayi, sai an nemi famfo na musamman mai ƙaramar bukata ko kuma a fasa rufi. Kuma tururin da take ci daga tukunyar yake fitowa. Ɗaga ruwa daga digiri 20 zuwa 105 yana cin kusan kashi 13 cikin ɗari na nauyin ruwan da ke fita daga diyaretar a matsayin tururi, ko da yake ruwan zafin da ke dawo musu zai rage wannan sosai. A matsin bar 10, tanki mai digiri 85 da sinadarin da ake kula da awonsa kullum yana iya wadatarwa. Ba na ganin dole ce.

Mai_Gwajin_Ruwa:
Hajiya, sharaɗin da kika sa, wato a kula da awon kullum, shi ne abin da ba a cika yi ba. Na'ura ba ta mantuwa, mai zuba sinadari kuwa yana yi. Amma na yarda cewa tsayin ɗakin zai iya yanke hukunci.

Abu_Hafsat:
Allah ya saka muku da alheri. Amsar tambayar Gwanin_Famfo ita ce, tukunyar za ta zo da na'urar ɗumama ruwa da zafin hayaƙi, amma mai kawo kayan ya ce famfon na tashi-da-tsayawa ne. Rufin ɗakin kuma mita 6 ne. Har yanzu ba wanda ya taɓa maganar girman tankin. Lita 1,000 ta isa?

Gwanin_Famfo:
Na'urar ɗumama ruwa da hayaƙi ba ta jituwa da famfon da ke tsayawa. Lokacin da famfo ya tsaya wuta tana ci, ruwan da ya maƙale a cikin na'urar yana ci gaba da shan zafi har ya fara zama tururi, idan famfo ya sake tashi sai bututu ya riƙa bugawa. Ku nemi tsarin da ruwa ke shiga ba yankewa.

Batun tanki, ƙa'idar da aka fi ji ita ce ya riƙe ruwan minti 10 a cikakken aiki. Minti 10 na lita 5,550 a awa kusan lita 930 ne. Sai dai wannan ruwan da za a iya amfani da shi ake nufi, daga inda ruwa ke tsayawa a kullum zuwa inda ƙararrawar ƙarancin ruwa ke kaɗawa. Tankin da girmansa duka lita 1,000 ne ba zai ba ka fiye da lita 600 ko 700 ba, domin ƙasansa ba a taɓawa, samansa kuma ana barinsa fanko.

Dattijon_Boila:
Minti 10 lissafin Amurkawa ne. Mu da muka koyi aiki a kan tsarin Ingila, awa ɗaya aka koya mana ga buɗaɗɗen tanki, don idan sabon ruwa ya yanke a sami lokacin gyara ko a kashe wuta a natse. Na san ga manyan tukwane wannan ba ya yiwuwa, a nan sai a yi ƙaramin tankin zafi, a ajiye babban tankin tataccen ruwan sanyi a bayansa. Amma abin da nake so Abu_Hafsat ya lura da shi shi ne fankon da ke sama. Da safe idan aka buɗe tururi, bututu da injuna duk suna da sanyi, tukunya tana shan ruwa, ba abin da ke dawowa, sai sabon ruwa ya cika tankin. Can an jima sai ruwan da ya maƙale a hanya ya dawo gaba ɗaya, idan babu wurin da zai zauna sai ya malale ta bututun ambaliya, ruwa mai zafi kuma tatacce ya bi kwata.

Ummu_Aiman:
Wannan magana ta Baba ta shafi na'urar tausasa ruwa ma, wato wadda ke cire taurin sabon ruwa, sinadaran da ke daskarewa a jikin ƙarfe. Mutane sukan auna ta da rabin bukata saboda rabi yana dawowa. A matsakaici haka ne, amma a lokacin tashi, ko ranar da ruwan dawowa ya gurɓata da mai ko sinadari aka juya shi waje, dole layin sabon ruwa ya iya ɗaukar nauyin duka. Ko dai na'urar ta iya wuce da cikakken ruwan, ko kuma a sami tankin ajiya irin wanda Baba ya ambata. Gara kuma ta kasance tagwaye, ɗaya tana aiki yayin da ake wanke ɗayar da gishiri.

Ɗalibi_Kabiru:
A makaranta an nuna mana wata na'ura da ke tura ruwa cikin tukunya da tururin tukunyar kanta, ba moto ba farfela. Ba za ta yi amfani a nan ba, ko da don ranar da lantarki ya ɗauke?

Dattijon_Boila:
Injekta kake nufi. Wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya ƙirƙiro ta a 1858, ita ce kuma ta riƙa ba kawunan jiragen ƙasa masu tururi ruwa. Aibinta a nan shi ne ruwan sanyi take so, domin sai tururin ya narke a cikin ruwan kafin ta yi turi, da ruwa mai digiri 85 ba za ta kama ba. Kuma tukunyar gas idan lantarki ya ɗauke wutarta ma mutuwa take yi. Inda ake tsoro shi ne tukunya mai ƙona gawayi ko itace a kan rariya, wadda wutarta ke ci gaba da ci bayan an tsayar da komai.

Inj_Sadiya:
Wannan ya dawo da mu kan famfo ɗaya da aka ba Abu_Hafsat. Ƙa'idar ASME da na ambata tana neman hanyoyi biyu na ba da ruwa ga tukunyar da faɗin ƙarfenta mai ɗumama ruwa ya wuce murabba'in mita 47, taku kuwa ta wuce haka. Ta sassauta wa masu ƙona gas ko mai su yi da hanya ɗaya, muddin akwai abin da zai kashe wuta kafin ruwa ya sauka ƙasa da iyaka. Idan tukunyar ƙirar Turai ce, ƙa'idar Turai ta EN 12953 za a duba, tare da dokar ƙasar da ake aiki. Amma ko doka ta yarda da ɗaya, ni biyu zan sa, kowanne mai ɗaukar nauyin duka, ana karɓa-karɓa tsakaninsu, domin sil ɗin famfon ruwan zafi abu ne da ke lalacewa, kuma bai kamata masana'anta ta tsaya saboda shi ba.

Idan an koma tsarin bawul mai daidaitawa, kada a manta da ƙaramin bututun da ke mayar da ruwa tanki. Lokacin da bawul ya rufe famfo yana juyawa, ruwan da ke cikinsa yana zafi har ya tafasa. A mayar da shi can cikin tanki, ba bakin famfo ba, a kuma ƙara yawansa a lissafin girman famfon. Inbata mai rage gudun moto tana rage wannan asara, sai dai ba ta da faɗin wasa sosai, tunda famfo ba zai iya sassautawa ƙasa da gudun da ke rinjayar bar 10 ba.

Tanimu_Kwantirol:
Ina da gyara a kan lissafin farko. A duba ko kilo 5,000 ɗin nan na ainihi ne ko kuwa irin awon da masu ƙera tukunya ke yi, wanda ke ɗauka cewa ruwa ya shiga a digiri 100 ya fita tururi a digiri 100. Idan na biyun ne, tukunyar da ke aiki a bar 10 da ruwa mai digiri 85 ba za ta wuce kusan kilo 4,650 a awa ba. Bambancin bai kai ya ceci famfon da aka ba su ba, amma zai hana a ɗora rara a kan rara. Famfon da ya yi girma fiye da kima shi ma matsala ne: bawul zai yini kusan a rufe, ruwa yana cin bakinsa, famfon kuma yana aiki nesa da inda aka ƙera shi ya yi. Sannan lokacin cika tukunya mai sanyi, babu matsin da ke tare shi, sai ya kwarara ruwa fiye da ƙima, moto ya ja lantarki da yawa, bukatarsa ta NPSH ta yi sama. A rage buɗin bawul ɗin gabansa a irin wannan lokaci.

Gwanin_Famfo:
Gyaran ya karɓu, Injiniya. Duk da haka ni a kan 5,000 zan tsaya har sai an ga takardar masu ƙera ta. Da rufi mai mita 6, Abu_Hafsat, kana iya ɗaga gindin buɗaɗɗen tanki mita 3 daga tsakiyar famfo. Bututun saukowa ya zama gajere, mai faɗin da gudun ruwa a cikinsa ba zai wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba, gwiwoyi kaɗan, kowane famfo da rariyarsa. A digiri 85 wannan zai ba ka rara mai kyau. Diyareta a wannan tsayi kuwa sai an zauna da jadawalin famfon an gani.

Mai_Gwajin_Ruwa:
Ban janye maganar diyareta ba. Amma kafin a ci gaba, lambar 200 da aka yi lissafin zubarwa da ita zato ce kawai. Abu_Hafsat, ka kai ruwan da za ku yi amfani da shi ɗakin gwaji, ka turo mana yawan narkakken gishirinsa, da taurinsa, da yawan sinadarin alkalin da ke cikinsa, wato kishiyar tsami. Na'urar tausasawa ba ta rage jimillar gishiri, musanya kawai take yi, saboda haka idan sabon ruwan ya kai 800, gauraye da rabin da ke dawowa zai ba da wajen 400, zubarwar kuma ta haura kilo 750 a awa.

Abu_Hafsat:
Na aika wa mai kawo kayan tambaya a kan ainihin awon tukunyar da kuma asarar matsi a na'urar ɗumama ruwa, na kuma nemi jadawalin famfon mai nuna NPSH. Za a ɗebi ruwan gwaji gobe in Allah ya yarda. Tambaya ɗaya ga Injiniya Tanimu: tururin da muke ja yana hawa da sauka farat ɗaya idan an buɗe manyan injuna. Awon tsayin ruwa kaɗai zai isa ya sarrafa bawul ɗin, ko sai an haɗa da awon tururin da ke fita?